Man da Siraddan Baba Suka Sha

Jikata ce ta ja ni wani wurin biki kwanan baya, irin manyan ɗakunan nan da ake haya yanzu, masu sanyin da ke shiga ƙashi. A bakin ƙofa sun kafa wani abu a kan kujerar ƙarfe, an lulluɓe shi da ƙyalle mai walƙiya, kowa ya zo sai ya ɗare a ɗauke shi hoto. Na ce mene ne wannan kuma? Ta ce, "Hajiya, sirdi ne mana, na gargajiya, zo ki tsaya kusa da shi." Na kai hannu na taɓa. Soso ne da roba, an buga musu ƙusa, an liƙe sauran da gam. Wallahi ba don idon mutane ba da na tofa masa yawu. Na ce da ita maza ki mayar da ni gida, kaina ke ciwo. Ba kaina ke ciwo ba, wani tsohon haushi ne ya taso mini, wanda na daɗe ina dannewa, kuma yau sai na amayar da shi ko na samu sararin ƙirjina.

A Unguwar Shanu aka haife ni, ba wannan Unguwar Shanun ta yanzu ba, da gida ke hawa kan gida, kwata na bi ta ƙofar kowa, janareta na ihu tun safe har mutum ba ya jin sallamar maƙwabcinsa. A lokacinmu akwai fili, akwai masara a bayan gidaje, abin da ke tashin mutum da safe luguden mata ne da kukan shanu, sai can nesa jiniyar jirgin ƙasa. Idan jirgin saman soja ya taso daga wajen Mando, yara su watsar da abin da suke yi su bi shi da ihu, tsofaffi su ɗaga kai su ce Allah ya kyauta. Kuma akwai dawaki. Ba na ado nake nufi ba, dawakin aiki, na fatake da dillalan shanu da malaman da ke shigowa daga ƙauye, a ɗaure a gindin mangwaro suna kore ƙuda da jela. Ina tasowa suna raguwa. Yau wannan ya sayar da nasa ya sayi keke, gobe wancan ya sayar ya sayi babur, har aka wayi gari turken da ke ƙofar gidanmu awaki kawai ake ɗaurewa a jikinsa.

Babanmu masassaƙin sirdi ne, ɗan masassaƙin sirdi, daga ƙasar Katsina ya zo Kaduna tun yana saurayi. Ku da ba ku san aikin ba kuna zaton kujera ce ake ɗora wa doki. Haba! Sai ya je ya shafa bayan dokin da tafinsa tukuna, ya ji inda ƙashi ya taso da inda nama ya kwanta. Sannan ya zaɓi itacen da ya bushe a inuwa, ba a rana ba, ya sa gizago ya fitar da alluna biyu masu kwanciya a gefen gadon baya, ya fitar da kwacciyar gaba wadda mahayi ke dafawa, da ta baya wadda ke tare masa ƙugu. Ya huda su, ya ɗaure su da jiƙaƙƙen ƙirgi, wato ɗanyar fatar sa wadda ba a jeme ba. Idan ƙirgin ya bushe sai ya ƙanƙame itacen, ya riƙe shi gam, ko doki ya faɗi da shi ba ya rabuwa. Bayan nan ne baduku zai rufe shi da jemammiyar fata, ja ko kore ko rawaya, ya bi ta da ɗinki. Baba yakan ce da ni, "Uwata, duk sirdin da kika ga ƙusa a jikinsa, wanda ya yi shi bai taɓa tausayin doki ba." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ba ya iya faɗarsa.

Da dawaki suka ƙare, aikin ya ƙare. Baba ya koma sassaƙa turmi da ƙotar fartanya da kujerar tsakar gida, abin da a da yake bai wa almajiran sana'a su koyi hannu da shi. Amma abin da ya fi ci masa rai ba wannan ba ne. Sai ya shiga gidan mutum ya ga sirdi a jefe a kan rufin madafa, ruwa na duka rana na duka, ko ya tarar kaza ta yi ƙwai a ciki. Nan fa ya tsaya, ba zai tafi ba sai an ba shi. Wani ya ba shi kyauta yana dariya, wani ya ce sai an sassaƙa wa matarsa turmi, Baba ya sassaƙa. Da ƙafa yake zuwa har Rigasa, lokacin tana ƙauye, ya dawo da tsohon sirdi a ka, yara na binsa suna cewa Baba ina dokin. Ɗakin da ke jikin zaurenmu, wanda ya kamata a zuba 'yan haya kamar yadda kowa ke yi, shi ya cika da su, ya kafa musu gwafanni da sanduna, kowane a ɗore kamar yana bayan dokinsa. Gwaggo, ƙanwarsa da ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, kullum sai ta yi mita. "Ni ban taɓa ganin irin Yaya ba, mutum ko jaki ba shi da shi, sai tarin sirdi kamar mai shirin yaƙi." Shi kuwa ko kallonta ba ya yi.

A ɗakin nan na yi ƙuruciyata. 'Yan matan unguwa na gaɗa a dandali da yamma, ni ina tsugune gaban Baba yana nuna mini duniya a jikin fata. Ga ɗan Azbin, siriri, da koren fatarsa da ba wanda ya iya rininta a nan. Ga talaha da aka ratso hamada da ita tun daga Tarabulus, tun kakansa na da rai. Ga na Barno da faffaɗan likkafarsa. Ga na Turawa, shafal ba kwacciyar kirki, wanda Baba ke cewa ya ajiye shi ne kawai don sauran su ga abin dariya. Akwai wani mai sara a kwacciyar baya, ya ce takobi ne, tun zamanin yaƙe-yaƙe, kuma da wanda ya ɗaure ƙirgin rago ne da saran ya isa ƙugun mai shi. Akwai wani da ya lotse gefe guda, ya ce mai shi gurgu ne, a karkace ya yi zamansa a duniya. Da launin fata da tafiyar ɗinki yake gane garin da aka yi sirdi, wani lokaci har gidan da aka yi shi. A tsakiyar ɗakin kuwa, shi kaɗai a kan nasa gwafan, akwai jan sirdin da mahaifinsa ya yi na ƙarshe kafin idonsa ya tafi. Fatar ta sha karan dafi, ja wur, ta yi santsi don tsufa. Wannan ko ni sai na wanke hannu nake taɓa shi.

Aikina shi ne mai. Man kaɗe ake sakawa a ɗan kasko a ajiye a rana ya narke, in lakato da kan yatsa in murza a tafina, sannan in bi jemammiyar fatar a hankali. "Ɗan kaɗan, Uwata, kamar kina shafa wa jariri a ka," in ji shi. Ba a kai shi kan ɗinki, ba a kai shi kan zane, kuma ko kusa ba a bari ya taɓa ƙirgi, don ƙirgi da bushewa yake riƙo, ranar da ya sha mai ya saki, sirdi ya tashi daga aiki. Idan damina ta yi nisa sai a fito da su su sha iska a inuwa, a goge fumfuna da busasshen tsumma, a duba ƙafafun gwafanni ko gara ta fara gini. Na iya wannan tun ban iya tuƙa tuwo ba. Ba yabon kai ba ne, Baba da kansa yakan koma gefe ya zuba mini ido, ya ce hannuna ya fi nasa sauƙi. Yau ina yarinyar da za ta zauna yini guda tana shafa fata? Wayar da ke hannunta ma sai ta fashe take tuna tana da jaka.

Mu biyu Allah ya bar wa Baba, ni da yayana Sale. Shi aka so ya gaji gizago, shi kuma ya ce atafau. Tun yana ɗan saurayi ya ajiye kayan sassaƙa a gaban Baba ya ce sana'ar da ba ta da gobe ba zai kashe kansa a kanta ba, ya tafi koyon kanikanci, har ya samu shiga garejin gwamnati. Daga ranar Baba ya ɗauke masa wuta. Bai zage shi ba, bai kore shi ba, gaisuwa kawai yake amsawa da "lafiya", shi ke nan, shekara da shekaru. Kuma kada ku ɗauka Yaya Sale mugu ne. Shi ke cefanen gida, shi ya yi mini kayan ɗaki, shi ke ɗaukar Gwaggo a babur ya kai ta asibiti. Sai dai ɗakin siraddan nan, tun da ya ajiye gizago bai ƙara leƙa shi ba, ko da kuskure. A zaure yake kwance babur ɗinsa ya ɗaura, ƙofar ɗakin na bayansa, bai taɓa waiwayawa ya ce me kuke yi a ciki ba.

To, lokacin kuma shi ne lokacin da garin Kaduna ya haukace da maganar mai. An gama yaƙi, an ce ƙasa ta yi arziki, kowa ka ji bakinsa kuɗin mai, gidan mai, layin mai, tankar mai. Ma'aikata suka samu ƙarin albashi, babura suka cika titi, masinja ma sai ka gan shi da rediyo a kafaɗa. A gidan da muka taso, in an ce mai, man shanu ake nufi, ko man gyaɗa, ko man kaɗe, abin da za ka ci ko ka shafa a jikinka. Kafin mu farga kalmar ta sauya gida, ta koma abin da ake ɗura wa inji. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya ce tsofaffi ku lura, an sace muku kalma. Baba yana ɗakinsa da tsohuwar ma'anarsa, Yaya Sale yana garejinsa da sabuwa, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ina da tsohon cikin fari, an dawo da ni gida daga ɗakin mijina don haihuwa da wankan jego, sai Baba ya zame a bakin rijiya farkon damina, ƙashin cinyarsa ya karye. Ya ce shi ba mai sa masa siminti a ƙafa, a kai shi gida ƙasar Katsina wurin maɗorin da ya sani. Ƙaninsa ya zo daga ƙauye da mota. An shimfiɗa shi a tabarma a zaure ana jiran a ɗauke shi, yana ta zufa don azaba, sai ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin ɗakin siradda. Ni fa har na miƙa hannu. Wa zai karɓa in ba ni ba? Sai na ga hannun ya wuce ni.

"Sale," in ji shi. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa har na manta.

Yaya Sale ya durƙusa. "Na'am, Baba."

"Ga amana. Damina ce, ka kula da gara. Ka dinga buɗe su suna shan iska, ka shafa musu mai."

"In Allah ya yarda, Baba." Ya karɓa da hannu biyu.

Na ce, "Baba, ni fa?"

"Ke ki ji da abin da ke gabanki, Uwata."

Gwaggo ta ja ni ciki tana faɗa. "Ke wace irin yarinya ce? Da wannan tulun cikin za ki ɗaga sirdi? Kuma ga namiji a gida, a ba mace mabuɗi?" Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Har gobe ina cewa da an ba ni, ko daga kan gado sai in faɗa wa mutum abin da zai yi, baki ai ba ciki gare shi ba.

Na haihu, aka shiga jego. Waɗanda suka yi na da sun sani, ba irin na yanzu ba da mace ke haihuwa yau jibi ka gan ta a kasuwa. Ruwan zafi safe da yamma, Gwaggo na fyaɗa mini ganyen darbejiya har fata ta yi ja, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ƙafata ba ta wuce tsakar gida, zaure kuwa haramun, maza na ciki. A nan kwance na fara jin wani wari na shigowa duk ranar da ba aiki, warin gareji, mai kama maƙogwaro. Na ce Gwaggo mene ne haka? Ta ce yayanki ne da babur ɗinsa, kin san shi. Na yarda, don ai mun saba. Da ya shigo ganin jariri, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa, sai na tambaye shi.

"Yaya, kana dai shafa musu man?"

"Ke dai bari! Ba wanda bai sha ya ƙoshi ba."

"Bai ƙare ba? Wanda na bari a kasko kaɗan ne."

Ya yi dariya. "Mai ya ƙare a ƙasar nan? Ke dai ki yi ta shan kununki."

Na ce ya ba ni mabuɗin in Gwaggo ta yi barcin rana in leƙa. Ya ce a'a, Baba ne zai fara gani, so yake ya ba shi mamaki. Fuskarsa na ta annuri kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ban taɓa ganinsa haka ba, sai na ƙyale shi.

Ruwa ya ɗauke, na gama wanka, ana shirin mayar da ni ɗakina, sai ga Baba an dawo da shi da hantsi, ya rame, yana dogara sanda. Ko ruwa bai sha ba, ko jikan da aka miƙa masa bai gama yi wa addu'a ba, ya ce a buɗe masa ɗaki. Yaya Sale ya yi gaba da mabuɗi, Baba na biye, ni ina bayansu da goyo. Ƙofar na buɗewa warin ya buge mu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baƙin mai ne. Wanda ake tsiyayewa daga cikin injin mota in ya gama aiki, wanda ake shafa wa katakon rufi da ƙafar rumfa don gara. Shi ya ɗebo a galan daga wurin aikinsu, ya sa burushin fenti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ciki da waje. Ba kore, ba rawaya, ba ja. Ɗan Azbin da talaha da na Barno da na Turawa duk sun zama abu guda, baƙi, suna ƙyalli, suna ɗiga a kan buhunan da ya shimfiɗa musu. Ɗinkin da Baba ke karanta gari da shi ya nutse, zanen ya shafe. Kuma aiki ne na tsakani da Allah, don ko lungu ɗaya bai tsallake ba.

"Baba, ka gani?" in ji Yaya Sale. "Na tarar gara ta fara hawa ƙafar gwafan can, na ce yau kin gamu da ni. Ba sau ɗaya na shafa ba, in ya tsotse in ƙara. Har hutu na ɗauka a wurin aiki. Wannan na tsakiyar kuwa, na Kaka, shi na fi ba wa, don na san shi ka fi so."

Baba ya taka a hankali har gaban sirdin mahaifinsa. Ya ɗora tafinsa a kwacciyar gaba, ya ɗan taɓa ta. Ta yi lakwaf, ta karkata. Ƙirgin ya sha mai ya saki. Abin da ya yi shekaru fiye da nawa a ɗaure, ga shi yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Jinina ya hau, na buɗe baki, wallahi na ɗauko zagin da ban taɓa yi wa kowa ba, sai na ji gindin sandar Baba a kan yatsun ƙafata. Ya danna, ya ƙara dannawa, bai ko waiwayo ba. Ya daɗe yana kallon baƙin tafinsa. Sannan ya juya.

"Sale, ka sha aiki."

"Ba komai, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Yaya Sale, ƙato da shi, da gemunsa, ya durƙushe a kan buhun mai ya fashe da kuka. Baba ya dafa masa kai da hannun nan mai baƙi. Ni kuwa ina tsaye, ƙafata na zugi, goyona na tsala ihu don wari, ina ji kamar in cinna wa ɗakin wuta.

Da Yaya Sale ya fita sanar da abokansa cewa Baba ya dawo, na rufe ƙofa na juyo. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar.

"Baba, albarka? Albarka fa ka sa masa! Ya kashe su duka!"

"Rage murya, Uwata."

"Ba zan rage ba. Bari in je in faɗa masa abin da ya yi."

"Ki ce masa me? Mai na ce. Mai ya shafa."

"Wane irin mai? Ya tambaya mana! Ina kwance a cikin gidan nan, taku kaɗan, bakinsa ciwo yake?"

"Ni ya kamata in faɗa, ban faɗa ba. Yaron da ban yi wa maganar kirki ba tun yana saurayi, ta ina zai san man da nake nufi?" Ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar da ta karye. "Waɗannan sun riga sun tafi, ba abin da zai dawo da su. So kike in haɗa da ɗana?"

Na ce ni dai sai ya sani. Sai Baba ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "In kika faɗa masa, ina raye ko na mutu, ban yafe ba."

Ku ji fa. Shi ya yi ɓarna ya samu albarka, ni da na san daidai aka rataya mini Allah ya isa a wuya. Wannan wane irin rabo ne? Na yi shekaru ina juya maganar nan, na san Baba ya fi ni hankali, na san abin da ya tsaya ceta, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Haushin Yaya nake ji da bai taɓa waiwayawa ya ga kaskon man kaɗe ba. Haushin Gwaggo nake ji da maganarta ta namiji a gida. Haushin garin nake ji gaba ɗaya, da ya ruɗe har ya manta akwai wani mai a duniya ban da na inji. Shi kansa Baba, Allah ya jiƙansa, ban ƙyale shi ba a zuciyata, don shi ya tsallake hannun da ya horar da kansa.

Mun gwada, kada a ce ba mu gwada ba. Duk ranar da na zo gida, in Yaya Sale ya tafi aiki, sai mu shiga mu rufe ƙofa kamar ɓarayi. Mu barbaɗa toka, mu barbaɗa dusa, mu bari ta tsotsa, mu kankare. Toka ta yi baƙi, fata na nan yadda take. Zaren ɗinki ya fara rubewa, ka taɓa ya tsinke. Kafin la'asar mu share wurin tas don kada ya dawo ya gane. Wata rana Baba ya ajiye tsumman ya ce ya isa. Bayan nan wani mutum ya zo daga Rigasa da sirdi a buhu, ya ce an ce masa nan ne gidan mai tara su. Baba ko buhun bai bari an kwance ba, ya ce an yi masa kwatancen da ba daidai ba. Amma shi da Yaya Sale, sai ga su tabarma ɗaya da yamma, kwano ɗaya, Yaya na ba shi labarin injuna, shi yana gyaɗa kai kamar yana fahimta. Haka suka yi 'yan shekarun da suka rage masa.

Da Baba ya rasu, ana zaman makoki, Yaya Sale ya shigo cikin gida gaida mata. 'Yan'uwa na ƙauye sun cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, ko ina siraddan nan nasa? Nan Yaya ya gyara tsayuwa ya ba su labari tun daga farko, yadda Baba ya tsallake kowa ya ba shi mabuɗi, yadda ya yaƙi gara, yadda aka sa masa albarka. Yana yi yana share hawaye, mata na cewa Allah ya yi maka albarka, ɗa na gari. Sai ya nuno ni.

"Ga ta nan, ita ta san su. Gara ta ci ko ɗaya?"

Na ce, "Ba ta ci ba, Yaya."

Washegarin addu'ar bakwai, ina naɗe tabarmi, ya aiko a kira ni zaure. Na tarar ya buɗe ɗakin, ya naɗe hannun riga, ga galan a ƙasa, ga burushi, ya yanke wani gwangwanin madara ya cika shi da baƙin mai.

"Na ga sun fara bushewa," in ji shi. "Baba ya ji daɗin aikin nan, ba na so a ce daga rufe idonsa mun yi watsi da su. Ke ce 'yar ɗakinsa, ba zan yi ba ke ba. Riƙe mini nan."

Na dubi gwangwanin, na dubi fuskarsa. Maganar ta taso har bakina, ina jin ɗacinta a harshe. Na haɗiye ta. Ya tsoma burushi ya nufi sirdin Kaka, yana ce mini in matso kusa kada ya ɗiga a ƙasa.

Na matsa, na riƙe masa gwangwanin har ya gama ɗakin.